'Yar Fari da Kwanon Maƙota

Na gurje wuyan yarinyar nan fiye da yadda na taɓa gurje gindin tukunya. Soso, sabulun salo, lemon tsami, har wani mai da wata mata ke yawo da shi a jaka na saya, amma baƙin da ke bayan wuyanta yana nan daram, kamar an shafa mata gawayi. Kowace Asabar sai na ritsa ta a banɗaki tun kafin layin wanka ya yi tsawo, ina gurza ina faɗa.

"Mace har mace, shekara goma sha huɗu, a ce ba ki iya wanka ba. Ƙazama kawai."

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, wallahi ina wankewa."

Ni kuma in ce ta rufe min baki.

'Yata ce ta fari, kuma wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Ni a Agege aka haife ni. Yarabanci a bakina yake, in kika ji ina sa-in-sa da kwandastan danfo, motar hayarmu ta Legas, ba za ki ce Bahaushiya ce ba. Amma uwar da ta raine ni mutuniyar ƙauye ce daga ƙasar Kano, kuma abin da ta zo da shi Legas ba ta bar ko ɗaya a mota ba. Ita ta dasa min kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. In ina nemanta, "ke" ce. In ina maganarta da ƙannenta, "yayarku". In da mutane ne, "wannan yarinyar". Ba na yabonta, ba na nuna damuwa da ita a gaban kowa, ko zazzaɓi take yi sai dai wata maƙociya ta taɓa goshinta ta ba ni labari. Ƙawayena 'yan boko suna min dariya, wai wa ke wannan yanzu. Ni ko a jikina.

Tun tana jaririya ɓul-ɓul take. Kowa ya ɗauke ta sai ya ce tubarkalla, sannan ya sauya hannu. A gidanmu na haya kuwa ƙibar yaro abin alfahari ne, shaida ce cewa uba yana kawowa, uwa tana dafawa. Gidan irin mai dogon lungu ne, ɗakuna suna kallon juna, kicin ɗaya a baya, kowa na jin ƙamshin miyar kowa. Kuma muna da al'adar kwano. Duk wadda ta sauke tukunya sai ta ɗiba ta aika wa maƙota, kwano kuma ba ya dawowa haka nan, sai da wani abu a ciki. Mai kai kwanon ɗakinmu ita ce yarinyar nan, tun tana shekara shida.

Ban taɓa zama na lissafa abin da take ci a wuni ba. Da safe burodin Agege mai zafi, wanda in ka matsa shi ba ya tashi, da shayi mai kauri cokali uku na suga. A makaranta fanke da lemon kwalba. Da rana shinkafa, wani lokacin shinkafa da taliya tare, don mu ba mu ga aibun haɗa su ba. Da yamma tuwo malmala biyu. Ni ce nake ƙara mata ta biyun ba tare da na kalle ta ba, don nan ne kaɗai nake iya nuna mata abin da baki ba ya faɗa.

Asibiti ma ba don ita muka je ba. Autana ne ke tari, ita kuma na tafi da ita don ta riƙe min jaka. Likitar wata matashiya ce Bayarabiya mai gilashi. Ta gama duba yaron, ta rubuta magani, sai idonta ya tsaya a kan mai riƙe jaka. Ta ce ta matso, ta ɗaga hijabinta ta baya, ta shafa wuyan da ɗan yatsa.

Na yi saurin cewa, "Ƙazanta ce, likita. Na gurza har na gaji."

Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce min da Yarabanci, a hankali, "Mama, wannan ba dauɗa ba ce. Ko fatar za ki cire ba zai fita ba. Daga ciki yake zuwa."

Aka ɗebi jini. Da muka koma karɓar sakamako ta zaunar da mu ta ce ciwon suga bai shigo ba, amma yana bakin ƙofa yana sallama. Ta ba mu wata uku. In mun dawo abin ya sauka, shi ke nan, a ci gaba. In bai sauka ba, yarinya za ta fara shan magani. Uwata ciwon suga ne ya kwantar da ita, sai da aka yanke mata ƙafa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ni na yi jinyarta. Na san warin ciwon nan. Na ji tsoro, irin tsoron da ban taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa.

Likitar ta ɗauko faranti na roba daga aljihun teburinta ta nuna mana. Rabin faranti ganye. Kifi ko ƙwai ko nama kamar tafin hannun yarinyar. Tuwo, shinkafa, doya, duk danginsu, kada su wuce dunƙulen hannun yarinyar. Lemon kwalba a yi sallama da shi, burodi sai jefi-jefi. Ta nanata cewa ba yunwa za a sa mata ba, yarinya ce mai girma, dole ta ƙoshi, abin da za ta ƙoshi da shi ne zai sauya. Kuma ta riƙa tafiya a ƙasa, ba kullum okada ba.

Muka hau danfo muka juyo gida. Ina so in ce mata ta yafe min shekara biyun da na yi ina ce mata ƙazama, amma kunya ta hana ni. Da muka sauka, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, kada in ji wannan maganar a bakin kowa. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba."

Dalilina biyu ne. Na san bakin gidanmu, yau ki faɗa wa mutum ɗaya, jibi mai kayan miya a bakin titin jirgi ya yi miki jaje, kuma ya ƙara gishiri. Na biyu, ta yaya ni, uwa, zan tsaya tsakar gida ina bayani a kan lafiyar 'yar fari, kamar marar kunya?

Maigidana a mayanka yake aiki, mutum ne mai sauƙin kai. Da na dunƙule hannu na nuna masa girman tuwon, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ai loma ce, ba tuwo ba." Na ce kuma duk gidan haka za mu ci, ba za a ware ta ba. Ya ce to, Allah ya ba mu lada. Daga ranar yana dawowa da hanta ko ƙoda a leda, yana kuma dawowa da ƙamshin tuwon shinkafar kasuwa a gemunsa, na yi kamar ban ji ba.

Na zama 'yar kasuwar Mile 12. Sau biyu a mako nake zuwa in ciko buhu da kabeji, alayyahu, ugu, yalo da kokwamba. Na aika gida aka turo min busasshen zogale da rama a motar shanu. Na koyi yin awara a waya, ta farko ta fito kamar takalmin roba, ta uku ta ciwu. Ranar da na fara ajiye mata kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai biyu, ta kalli kwanon ta kalle ni.

"Umma, ni akuya ce?"

"Akuya tana cin ƙwai? Ci ki ba ni kwanona."

Ta ci. Ba laifi, ta ci har ta suɗe, don kwaɗona ba na wasa ba ne.

Al'adar kwano kuwa ban fasa ba, kada a ce wani abu. Abin da muka ci shi nake aikawa: yau kwaɗon rama, gobe miyar ganye mai kauri da 'yar malmala kamar ƙwallon yara, jibi kabeji da awara. Na dai kafa doka cewa kwanon da ya dawo a kawo min shi a rufe. Ana kawowa, in buɗe, in raba wa ƙannenta da ubansu. Ina ganin na toshe kowace kafa.

Ma'aunina siket ɗinta ne na makaranta, wanda zif ɗinsa ba ya kaiwa ƙarshe sai an sa fil. Mako biyu, fil na nan. Mako huɗu, fil na nan. A mako na shida sai da muka ƙara fil na biyu. Na zauna bakin gado na yi tagumi. Ni da nake cin abin da take ci, zanena har ya fara zamewa, ubanta ma da ke satar hanya ya faɗa, amma wadda ake yi dominta tana ƙara cika. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce a makaranta take ɓarnar, na daina ba ta kuɗin tara, na koma ƙulle mata ƙwai da gyaɗa. Bai sauya komai ba. Ranar da na tsare ta da tambaya har na ɗaga murya, na ce so take a yanke mata ƙafa kamar kakarta. Ta fashe da kuka. Na yi nadamar maganar nan tun kafin in rufe baki.

Asirin ya tonu wata Laraba bayan la'asar. Na fita zuwa kasuwa, na kai har bakin titi na tuna na bar jakata a kan gado, na juyo. Ina shiga lungu na ga silifas ɗin yarinyar a ƙofar Hajiya. Hajiya tsohuwa ce Bakatsiniya da ke ɗakin ƙarshe, mai sana'ar waina, ta girmi uwata ma, kuma ita ta yi min wankan jego a haihuwar yarinyar nan. Na ji muryar Hajiya ta bayan labule tana cewa, "Ci maza, 'yar nan, kafin ta dawo. Ga zuma can, zuba."

Na yi sallama na ɗaga labulen lokaci guda. Ga 'yata zaune a tabarma, faranti a cinya, waina biyar, ta shida a hannu. Hajiya na gefe tana mata fifita. Yarinya ta yi tsuru-tsuru, wainar ta tsaya a tsakanin faranti da baki.

Raina ya ɓaci, amma Hajiya ba sa'ata ba ce. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ashe ina tufka ana warwarewa."

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ajiye maficin ta ce, "Zauna, 'yata. Da ma ina neman hanyar da zan yi miki magana. Babu abin kunya a cikin babu. Kasuwa yau taka ce gobe ta wani. Tun da kwanonki ya koma ganye zalla muka gane. Mu da muka tashi a ƙauye mun san lokacin da ake cin rama safe da yamma, sai rumbu ya ƙare."

Wato duk wahalar da nake sha ina ɗauko buhu daga Mile 12, ina sayen kifi da tsada, gidan nan sun yanke hukunci cewa karayar arziki ta same mu.

"Mu?" na ce. "Ke da wa, Hajiya?"

Ashe su uku ne, kuma da farko babu wadda ta san da 'yar uwarta. Iya mai gidan, Bayarabiyar da ke ɗakin gaba, ita ke tare ta da safe a bakin ƙofa ta cusa mata burodi da wake mai manja a jaka. Maƙociyarmu mutuniyar Maraɗi, matar wani mai gadi, ita ke jiranta da kofin fura mai suga, in ji ta, "in ta taso daga lakwal", wato makaranta. Hajiya kuma ta riƙe la'asar. Da suka gano juna sai suka haɗa baki cewa kada a bari in sani, don a rufa mana asiri. Iya har ta ja maigidana gefe ta ce masa in abubuwa sun yi nauyi kada ya ji nauyinta, shi kuma ya yi godiya ya wuce, bai gane inda ta dosa ba.

Na juya ga yarinyar. "Ke kuma bakinki ciwo yake? Ba za ki ce kin ƙoshi ba?"

Hawaye na zuba ta ce, "Na ce, Umma. Hajiya ta ce na raina abincinta. Iya ta ce in ban karɓa ba za ta zo ta same ki. Ke kuma kin ce kada in faɗa wa kowa. To ya zan yi?" Ta ja hanci, ta ƙara da ƙaramar murya, "Kuma wainar da daɗi."

Hajiya ta dube ni ta ce, "Kada in faɗa wa kowa me? Ni dai abin da na sani, kunyar ɗan fari ba ta ce a bar yaro da yunwa ba. Ɗa na kowa ne. In ke ba za ki iya dubanta ba, mu za mu duba."

Kafin nan muryoyinmu sun jawo mutane. Iya ta taho tana gyara ɗaurin ƙirji, mutuniyar Maraɗi da ludayi a hannu, wasu mata biyu sun leƙo daga kicin. Na tsaya a ƙofar Hajiya ina lissafi. Saura mako shida mu koma asibiti. In na yi shiru na riƙe kunyata, matan nan ba za su daina ba, don a ganinsu aikin lada suke yi, sai dai su ƙara iya ɓoyewa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Sai na kira ta. Da sunanta na kira ta, sunan yanka, a gaban kowa.

Ta waiga bayanta tana neman wanda ya yi maganar. Sai da na sake faɗa sannan ta taso. Na kama kafaɗarta na juya ta, na ɗaga hijabin, na nuna musu wuyan. Na ce wannan ba dauɗa ba ce, alamar ciwon suga ce da ke tafe, likita ta faɗa. Na ce ni ce na yi shekara biyu ina gurzar yarinyar nan ina ce mata ƙazama, alhali ba ta da laifi. Na ce Hajiya ta ga ƙafar uwata, ita ta riƙa taya ni wanke ta. Na ce maigidana lafiya lau yake a kasuwarsa, ganyen nan magani ne, kuma ya fi shinkafa tsada. Ina tsoro, na ce musu. 'Yata ce, ina tsoro, ku taimake ni.

Iya ta ɗora hannu biyu a ka. Hajiya ta kalli farantin wainar ta daɗe, sannan ta jawo shi gabanta ta kifa wani faranti a kai. Ta ce, "Amma ke dai an yi sakarya. Da kin faɗa tun farko, da wa zai kashe miki 'ya da zuma?" Ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙin kicin ne.

Daga ranar gidan ya juya, har abin ya so ya yi yawa. Iya ta koma aiko da miyar ganye irin tasu, kifi a kwance a kai, ba teba ba amala. Mutuniyar Maraɗi ta ce ai zogale abincinsu ne, mu 'yan Najeriya ba mu iya shi ba, ta karɓe kwaɗon daga hannuna, kuma don Allah nata ya fi nawa. Yarinyar ta shiga uku da 'yan sa ido. In ta tsaya kusa da mai fanke, kafin ta iso gida labari ya riga ta. In ta tare okada, Iya ta leƙo ta taga ta ce ta sauka ta taka. Hajiya ce kaɗai ta kasa haƙura gaba ɗaya. Ta zo har ɗaki ta yi ciniki da ni kamar a kasuwa, muka tsaya a waina ɗaya ranar Juma'a, ba zuma. Takan zaɓo mafi girma a tanda, na gani, na ƙyale.

Fil na biyu ya fita, na farkon ya rage. Haka muka koma asibiti. Likitar ta duba takarda, ta duba yarinyar, ta ce abin ya sauko, bai kai inda take so ba amma ya kama hanya. Ba za a fara magani ba, mu dawo bayan wata uku. Ta tambaya me muka yi, na ce mata gida guda ne ya yi aikin.

A danfo muka samu kujerar baya, ita a jikin taga. Mun wuce wajen gada ana cunkoso, masu talla suna miƙo lemo mai sanyi ta taga, ta kau da kai. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Umma, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ji shashanci. Ina ɗaki ina jego aka raɗa shi, ta taga na ji."

"Na zaci kin manta."

Hijabinta ya ɗan zame ta baya, na ga wuyan, baƙin yana nan amma ya fara dusashewa daga gefe. Na kai hannu kamar zan gyara mata hijabin, sai na ɗora tafina a wurin. Ba ta motsa ba, ni ma ban ɗauke ba har kwandasta ya ce Agege.